Wasiƙa ta Biyu

A gidanmu na Limancin Kona ba a buɗe sabon littafi sai an faɗi daga bakin wa aka karɓe shi. Haka na tashi na tarar. Mahaifina, wanda kowa ke ce wa Malam har mu 'ya'yansa, yakan zauna a kan buzunsa a zaure da hantsi, manyan ɗalibai sun kewaye shi, wasunsu har da furfura. Duk wanda zai fara littafi sai Malam ya jero masa: na karanta shi a wurin wane, shi kuma a wurin wane, shi kuma a wurin wane, har a kai ga wani malamin da ba wanda ya san inda kabarinsa yake. Wannan jerin shi ake kira salsala. Ina yaro gundura ta yake yi ƙwarai, don sai an gama shi ake waiwayo mu ƙanana a sallame mu mu je mu sha koko.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Malam bai taɓa kiran sunana ba. Ko sau ɗaya ban ji shi a bakinsa ba, ban kuma taɓa ɗaukar abin da zafi ba, haka ake yi. Ina ƙarami "kai" nake, ko "wancan". Da na je ƙasar Turawa na dawo da digirin dakta a farkon shekarun tamanin, sai aka ƙara mini girma na zama "mutumin boko".

Abin da na karanto ilimin ƙwayar halitta ne, can cikin cikinta, inda wani zare yake wanda ido ba ya gani, mai ɗauke da gadon kowane mai rai. Mu muna ce masa DNA. Nawa aikin a kan ƙwayar cutar sammore ne, wadda ƙudan tsando ke sa wa shanu su yi ta ramewa har su faɗi. Na yi wa Malam wannan bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa. Ya saurara har na gama, ya ce, "Wato likitan shanu." Na bar shi a haka.

A sana'armu da abu biyu ake auna mutum. Na farko, takardu nawa ka buga a mujallun masana. Na biyu, wanda ya fi na farkon ciwo, sau nawa wasu suka ambaci takardunka a cikin nasu. Kana iya buga goma, in ba wanda ya ambace su to ka yi magana ne a ɗakin da ba kowa. Akwai wasu dirka-dirkan littattafai da ake bugawa a waje duk shekara, da rubutu mitsi-mitsi, in ka nemo sunanka a ciki za ka ga jerin duk waɗanda suka ambace ka a wannan shekarar. A makare suke isowa laburaren jami'a, amma suna isowa. Ba malamin kimiyyar da zai gaya maka yana duba sunansa a ciki. Dukanmu muna dubawa.

Kafin in dawo na buga takarda ɗaya tare da malamina na can, wani dattijon farfesa mai yawan shan shayi da ƙarancin magana. A wancan zamani in ka buga takarda, masu son karanta ta sukan aiko maka da ɗan kati ta gidan waya, su roƙi ka aika musu da kofi. Katunan suka biyo ni har Zariya. Wata Juma'a na tattara su na kai wa Malam, in na faɗi gaskiya don in nuna masa ne ni ma ba a banza na tafi ba. Ya jujjuya su yana duban kan sarkin ƙasashe iri-iri.

Ya ce, "Duk waɗannan karatu suke nema a wurinka?"

Na ce, "E, Malam."

"In sun karanta, suna faɗin daga wa suka ji?"

Na ce suna faɗi, a ƙarshen takardarsu suke jerawa, har ma akwai littafin da ake tara wa ya ambaci wa.

Ya ce, "To ai salsala ce. Ashe su ma suna da tarbiyya." Bai mayar mini da katunan ba. Ya sa su a wata tsohuwar gafaka ya ajiye tare da littattafansa, ni kuma na fita zauren nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Shekara biyun farko aiki ya yi daɗi. Daga nan ƙasa ta fara tsukewa. Sinadaran da muke aiki da su daga waje suke zuwa, kuma dole su zo cikin sanyi. Ka yi shekara kana jira, su iso bayan sun sha rana a hanya, ka buɗe kwalba ka tarar ruwa ne kawai ka saya. Wuta kuwa a ɗauke ta kwana uku ba labari. Firizar ɗakin bincikenmu ta yi ta narkewa tana daskarewa har na daina amincewa da ita. Sai na samu wata Hajiya a Tudun Jukun mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, tana da janareta. Na ƙunshe kwalabena a leda uku, na rubuta "guba" da jan biro, na roƙe ta ta ba ni lungu ɗaya a firizarta. Ta ce in dai ba zai taɓa mata zoɓo ba ta yarda. Nan ne aikin rayuwata ya zauna, tsakanin zoɓo da kunun aya.

Damina uku na yi ina bin rugage a kan basfa ina ɗibar jinin shanu. Ba a zuwa wa Bafulatani a kama wuyan saniyarsa haka kawai. Sai ka yi doguwar gaisuwa, ka sha nono, ka dawo wata rana ka sake sha, sannan a nuna maka wadda ta rame. Akwai shanun da aka yi musu allura suka warke, akwai waɗanda maganin bai yi musu komai ba, kuma wannan bambancin nake bi. In na ware zaren ƙwayar cutar, sai in tura shi ta cikin wani farin abu mai danƙo da muke kira jel, in haska fitila ta musamman, wasu layuka su fito. Wata rana da la'asar na ga layi ɗaya da ke fitowa a ƙwayoyin da magani ba ya kashewa, ba ya fitowa a sauran. Na sake, ya sake fitowa. Na yi ta sakewa har sinadarin ya ƙare. Na san abin da nake gani, na kuma san ba ni da kayan da zan tabbatar da shi a nan.

Sai na raba abin da na tara gida biyu. Rabi na bar wa firizar Hajiya, rabi na busar na haɗa da kofin littafin aikina, na ba wani abokin aiki da zai yi tafiya ya kai wa Farfesa. Ban yi wani dogon tunani ba. A gidanmu ba a ɓoye wa malami karatu.

Sama da shekara ban ji komai ba. Sannan wasiƙa ta zo. Farfesa ya ce abin da na gani gaskiya ne, ɗalibansa biyu sun bi shi sun tabbatar, kuma ya fi yadda nake zato girma. Ya ce suna rubuta takarda. Ya ce tunanin nawa ne, jinin nawa ne, littafin aikin nawa ne, don haka in na yarda sunana ne zai zo a gaba. Amma in na fi so in riƙe nawa in buga da kaina daga baya, in faɗa masa, domin shi ba ya sa sunan mutum a takarda sai da yardarsa. Ya ce in ba shi amsa da wuri.

Sau huɗu na karanta ta a tsaye. A hanyar gida na kusa banke akuya. Ban shiga ciki ba, zaure na tsaya, na durƙusa na fassara wa Malam ita kalma-kalma. Ba shawara na je nema ba, yabo na je nema.

Ya ce, "A gaba? Gaban malaminka?"

Na ce, "Haka ya rubuta."

Ya gyaɗa kai. "Mutumin kirki ne. Ya yi abin da ya kamaci babba, ya miƙa. Saura kai ka yi abin da ya kamaci ƙarami. In an yi maka tayin abinci, a tayin farko kake wanke hannu?"

Na ce a'a.

"To ka rubuta masa ka ce ba ka isa ba. Zai sake rubutowa ya matsa maka. In ya matsa sai ka karɓa, ka karɓa da mutuncinka. Ni buzun nan da kake gani na a kai, sai da aka aiko mini sau uku."

Shekaru da yawa na yi ina ɗora wa Malam wannan abu, kuma ba daidai na yi ba. Shi bai taɓa zama da mutanen nan ba. Ni na zauna da su shekara biyar. Makon farko da na isa can da yunwa na yi ta kwana, don matar gidan da na sauka ta tambaye ni ko zan ci abinci, na ce na ƙoshi, ita kuwa ta kwashe kwanukanta ta wanke. Na san halinsu sarai. Amma maganar Malam ta yi mini daɗi. Na hango Farfesa yana sake zama yana rubuto mini, yana lallashi na, ni kuma ina karɓa kamar dole aka yi mini. Girman kai ne ya sanyo rigar tawali'u ya zo mini, na kuwa buɗe masa ƙofa.

Mai ɗakina 'yar Ƙofar Galadima ce, sakatariya ce a wani ofishin gwamnati, kuma tana da tafiretarta a gida. Ita ke buga mini komai. Da yamma na miƙa mata abin da na rubuta da hannu. Na ce wa Farfesa ni ɗalibinsa ne, ban isa in jera sunana da nasa ba balle in shige gaba, ɗan abin da na yi daga wurinsa na koya, ba sai an sa ni ba. Ta karanta, ta ɗago kai.

Ta ce, "Dakta, ka san fa Bature in ka ce masa a'a, a'a ya ji."

Na ce, "Buga abin da na rubuta."

"Shekara nawa ina buga wasiƙu a ofis, ban taɓa ganin wadda aka sake aikowa don a lallashi mutum ba."

"Ke kika san Farfesa ko ni?"

Ta ce, "To bari in ƙara layi ɗaya a ƙasa. In ce amma in ya ga ya dace, ka yarda. Layi ɗaya tak."

Na ce wannan layin shi zai ɓata wasiƙar gaba ɗaya, sai ta zama roƙo. Na kuma ƙara da wata magana a kan mata da tsoma baki cikin abin da ba su sani ba, wadda ba zan maimaita ta a nan ba. Ta buga, ta zare takardar, ta ajiye mini biro a kai. Ba kuskure ko ɗaya a ciki. Washegari da kaina na kai ta gidan waya.

Daga nan sai jira. Wasiƙa takan yi mako uku zuwa huɗu a hanya, don haka wata biyun farko hankalina kwance yake. Har na rubuta amsar wasiƙa ta biyun na ajiye a aljihun tebur, wadda a cikinta nake cewa tunda ya matsa ba ni da yadda zan yi. Kullum da safe sai na leƙa akwatin wasiƙuna a ofis, da rana in sake leƙawa. Duk Juma'a in mun dawo daga masallaci Malam zai dube ni ya ce, "Ta zo?" In ce ba ta zo ba tukuna. Ya ce, "Hanya ce."

A wata na huɗu mai ɗakina ta ce in sake rubutawa in ce na canza shawara. Na ce da wane ido? Mutum ya ce ya ƙoshi sannan a gan shi yana leƙen kwano? Na san ita ke da gaskiya, shi ya sa na yi mata tsawa. Kwana biyu ba mu yi magana ba.

Sai da shekara ta kusa zagayowa wani babban ambulan mai ruwan ƙasa ya zo. Na yage shi. Kofi goma ne na takardar, an riga an buga ta. Sunaye uku a sama, na Farfesa da na ɗalibansa biyu. Na juya shafin ƙarshe, can ƙasa inda ake godiya ga waɗanda suka taimaka, na ga nawa da ƙananan baƙaƙe. An gode mini da na aiko da jinin shanu, an kuma gode mini da na nuna musu abin da na lura da shi. A jiki an maƙala 'yar takarda da rubutun hannun Farfesa. Ya ce ya yi kamar yadda na so, yana jiran tawa takardar, ya tabbata za ta fi wannan.

Wannan layin na ƙarshe shi ya fi komai yi mini ciwo. Da cutata ya yi da na samu wanda zan tsana, da na samu abin faɗi a majalisa. Mutumin nan ya tambaye ni, na ba shi amsa, ya gaskata ni. Abin da aka buga kuwa an buga shi, ba a kiran mujalla ta dawo. Ban taɓa rubuta masa na gaya masa abin da ya faru ba. Shekara biyu yana aiko mini da katin gaisuwa ban amsa ba, sai ya daina. Daga baya na ji ya yi ritaya.

Ranar Juma'a Malam ya ce, "Ta zo?" Na ce ta zo, an gode mini a ciki. Ya ce madalla, ai da ma ya faɗa.

Tawa takardar da Farfesa yake jira ba ta taɓa fitowa ba. A bazarar shekarar da ambulan nan ya zo janaretan Hajiya ya lalace ina can wajen duba jarrabawa a wani gari. Da na dawo na tarar ledata tana iyo a jan ruwa. Hajiya ta yi ta ba ni haƙuri, ita da ta yi asarar kayanta kaf. Na ɗauki ledar na je bayan ɗakin bincike na haƙa rami na binne. Sake bin rugage kuwa ba amfani, don ko na ɗebo jinin ba sinadarin da zan taɓa shi da shi.

Duk shekara in manyan littattafan nan suka iso sai in je laburare lokacin da na san mutane sun tafi salla ko cin abinci. In fara da sunana. Takardata ta farko tana da layi uku a ƙarƙashinta, shekara mai zuwa biyu, sannan ɗaya, kuma ɗayan nan Farfesa ne da kansa. Sai wata shekara na bi layi da yatsa na ga sunan da ke saman nawa ya haɗe da wanda ke ƙasa. Ba ni a ciki. Daga nan sai in buɗe sunan Farfesa in nemo takardar shanuna. Da farko rabin shafi ne. Sannan shafi guda. Sannan sai da na juya. Nakan ɗora rula ina bin su ɗaya bayan ɗaya, mutanen ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, kowa yana cewa daga wane ya ji. Ban taɓa tsallake layi ba. Da kuɗin sayen littattafan ya gagara aka daina kawo su, na ce alhamdu lillahi na huta. Wata uku bayan nan na samu kaina ina roƙon wani mai tafiya waje ya duba mini.

A tsakiyar shekarun casa'in na nemi ƙarin girma. Na jera 'yan takarduna, ba su cika shafi ba. Sai na sa waccan a ƙarshe, na yi bayani a gefe cewa aikina ne. Shugaban kwamitin abokina ne tun muna sakandare. Ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Dakta, na san labarin nan, wallahi na sani. Amma godiya ba ta cikin abin da ake ƙirgawa." Gaskiya ya faɗa, ni ma da ni ne a kujerarsa haka zan faɗa. A wannan shekarar wani da na koyar da hannuna ya wuce ni.

Ranar da abokin nan ya gaya mini haka, na dawo gida da la'asar na tarar Malam shi kaɗai a zaure. Ya tsufa sosai a lokacin, ido ya yi rauni, ɗalibai sun ragu. Na durƙusa na gaishe shi zan wuce, sai ya ce, "Mutumin boko, takardar nan ta shanu, tana tafiya kuwa?"

Na ce, "Tana tafiya, Malam. Duniya duk ana ambaton ta."

"Da sunan wa?"

"Da sunan Farfesa da wasu yara biyu."

Ya ɗan karkato kunne. "Kai fa?"

"Ni an yi mini godiya a ƙasa."

"A salsalarsu ana ƙirga godiya?"

Na ce ba a ƙirgawa.

"To wasiƙar da ka ce ta zo fa?"

Nan ne ya kamata in yi shiru. Shekara arba'in da 'yan kai ina yin shiru a zauren nan, na iya shi. Amma na ji bakina yana cewa, "Ba ta taɓa zuwa ba, Malam. Ba sa sake tayi. Ai ku kuka ce in ƙi."

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba, ban kuma taɓa jin wani ya yi masa ba. Bai yi fushi ba. Da ma ya yi. Ya daɗe yana shafa gashin buzun da tafin hannunsa, sannan ya ce, "Haka ne." Can kuma ya ce, "In kana da kofinta ka kawo mini ɗaya." Na shiga ciki na ɗauko na miƙa masa ban ko dube shi ba. Me zai yi da ita, shi da ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba?

Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake ba. Duk Juma'a muna tafiya masallaci tare muna dawowa tare, ba abin da yake tambaya ta. Na sha shirya kalmomin da zan ba shi haƙuri da su, in na zo bakin zaure sai su gudu. Da damina ta kama ya kwanta. Muka taru a kansa, kowa ya ce Malam a yafe mana, ni ma na faɗa cikin mutane, ya ce ya yafe wa kowa. Irin wannan yafiya ta jam'i ce, ni kuwa laifina nawa ne ni kaɗai. Kwana biyu bayan nan ya rasu.

Da aka zo rabon littattafansa ni aka sa in fito da su, tunda ni ne babba. A ƙasan tulin na ga tsohuwar gafakar nan. Katunan suna ciki, an ɗaure su da zare, sun yi ja. A bayansu ga takardar shanu an ninke ta biyu. Na buɗe. A layin da sunaye uku suke, daga can gefen dama inda layi ke farawa a wurinsa, an rubuta sunana da ajami, da tawadar zaure. Cikakken sunana, da nasa a bayansa. Hannun ya yi rawa, wani baƙin ya hau kan wani, tawada ta ɗiga a gefe. A ƙarƙashi da ƙananan baƙaƙe ya rubuta cewa daga wannan aka karɓa.

Na kai wa mai ɗakina na nuna mata. Ta ce ta sani. Wata rana ina wajen aiki Malam ya aika a kira ta, shi da tunda aka kawo ta gidan bai taɓa yi mata magana ido da ido ba. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ya turo mata takardar ya ce ta ɗora masa yatsa a inda ake rubuta masu ita. Ta ɗora, ya ce ta tafi, kada kuma ta gaya mini. Na tambaye ta ko ya faɗi sunan da baki lokacin da yake rubutawa. Na sake tambaya. Ta ce ita dai ba ta ji ba, ta riga ta fita.

Yanzu shekarun casa'in sun zo ƙarshe. Firizar ɗakin bincikenmu takardun jarrabawa muke ajiyewa a ciki, don ɓera ba ya shiga. Ina koyar da yara yadda ake tura zaren gado ta cikin jel da alli a kan allo, su da ba su taɓa gani ba, ni da na manta yaushe rabona. Kusan duk shekara sai wani ɗalibi ya kawo mini kundinsa na gama digiri a kan sammore, in buɗe shafin ƙarshe in ga takardar nan a jerin waɗanda ya ambata, da sunayenta uku. Wani lokaci yakan yi kuskure a sunan ɗaya daga cikin yaran Farfesa, sai in sa jan biro in gyara masa, in sa hannu.

Gafakar tana cikin akwatina. A duk duniya kofi ɗaya ne na takardar nan ke ɗauke da sunana a sama, kuma ba littafin da zai ƙirga shi. Wanda ya rubuta shi ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana riƙe da sunan nan a bakinsa saboda kunya, sai da na ɓata masa rai sannan ya sake shi, shi ma a kan takarda. Nakan fito da ita in duba in mayar. Wasiƙata ta amsa kuwa, wadda na ce tunda an matsa ba ni da yadda zan yi, tana nan a aljihun tebur, ban yage ta ba.